Martani: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Kan Yaran Sabon Birni da Isa

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya a kan halin da ƙananan yara suke ciki a gabashin jihar Sakkwato, musamman ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa. Na yaba masa da ya ɗaga alƙalami a kan maganar da mutane da yawa suka kawar da kai daga gare ta. Amma inda ya sauke laifin, nan muka raba hanya. Abin da ya tsaya a kai shi ne, tamowa da mutuwar jarirai a wannan yanki tushensu jahilcin iyaye mata ne da riƙo da al'ada. Ya ce suna zubar da dakashi, suna ɗura wa jinjiri ruwa da jiƙe-jiƙe, suna ƙin rigakafi, ba sa kai yaro asibiti sai rai ya zo gargara, kuma suna haihuwa ba tazara. Maganin da ya kawo shi ne a ƙara ƙaimi wajen wayar da kai, a rediyo da masallatai da wuraren biki da suna.

Malam, ba na musun cewa wasu daga cikin abubuwan da ka lissafa suna nan. Akwai gidajen da har yau ake matse dakashi a zubar, a ce dauɗa ne, alhali shi ne kariyar farko da Allah ya tanadar wa jariri. Akwai inda wanzami yake cire beli da askar da ba a tafasa ba. Akwai inda ake ba jaririn kwana uku ruwan rijiya don wai zafin garin ya yi yawa. Duk waɗannan suna cutarwa, kuma wajibi ne a faɗa ba tare da kunya ba. Sai dai waɗannan al'adu sun girmi kakanninmu. Tambayar da ta kamaci mai nazari ita ce, me ya canja a 'yan shekarun nan har wuraren jinyar masu tamowa a arewa maso yamma suka cika suka batse? Al'ada ba baƙuwa ba ce. Baƙon abu shi ne bindiga ta shiga tsakanin uwa da gona, da kasuwa, da asibiti.

Ƙasar Gobir ba ƙasar yunwa ba ce ta asali. Gulbin Rima da rassansa, Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, sun shimfiɗa fadamar da ake noma rani da damina: gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa da kayan lambu a gefen ruwa. Kasuwannin Sabon Birni da Isa da Shinkafi sun saba tara fatake har daga Nijar. Ga abin da ya faɗa wa wannan ƙasa. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70. A Satumbar 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, aka kuma rufe hanyar Marnona zuwa Isa. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya a kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka ƙone. Ƙauyuka da dama sun koma biyan haraji ga ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensa kafin a bar su su yi shuka, su sake biya kafin a bar su su yi girbi. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. Hanyar da basarake da rawaninsa bai tsira a kanta ba, ita ce kake tuhumar mai goyo da ƙin bi cikin dare da yaro mai zazzaɓi.

Bari mu matsa kusa mu ga abin da wannan yake nufi ga ɗan wata takwas. A wannan lokaci nonon uwa kaɗai ba ya isar sa. Yana bukatar kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko wake, da ɗan ƙwai, da ɗan nonon shanu ko na akuya, da ganyen zogale a miya. Uwarsa ta san wannan, domin da shi aka yaye ta. Amma an kore shanun, an kwashe awakin da take sayarwa in lalura ta taso, kajin ma ba su tsira ba. Gonar da ke nesa da gari ta zama saura, rumbun kuwa ko an ƙone shi ko an gudu an bar shi. Yanzu tana zaune a wani kango ko ajin makarantar firamare a cikin gari, tana awon gero tiya-tiya, a kasuwar da farashi ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da rufe iyakar Nijar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Abin da za ta iya damawa shi ne kunu tsararo, ruwa ya fi gari yawa. Cikin yaron zai cika, jikinsa kuwa ba zai samu komai ba.

Waɗanda ba su gudu ba kuma, da yawansu ba sa kwana a ɗaki. Da an ji ƙishin-ƙishin na hari, kafin magariba mata sun goya na goye sun ja na tafiya sun shige gona ko daji, sai asuba su dawo. Ina za a ɗaura gidan sauro a tsakiyar karan dawa? Sauro ya cije shi, raɓa ta jiƙa shi, ruwan da aka samu a kududdufi shi za a sha. Daga nan zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari suke shigowa. Ma'aikatan lafiya sun san yadda abin yake zagayawa: gudawa ko ƙyanda ta zuƙe yaro, ya faɗa tamowa, tamowar ta karya ƙarfin jikinsa, wata cutar ta same shi a kwance. Mafi tsananin lokacin shi ne daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. A Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta Zamfara sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Shinkafi kuwa maƙwabciyar Isa ce, daji ɗaya, kasuwa ɗaya, masifa ɗaya. Wane shiri na rediyo ne zai mayar wa waɗannan iyaye da awakinsu?

Ka ce matan nan ba sa karɓar sabon abu. Tarihin jihar Sakkwato kanta ya ƙaryata wannan. A 2013 gwamnatin jihar ta fara raba maganin shafawa a cibiyar jariri, wanda ake kira kulohekzidin, haɗe da ƙwayar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, aka bi da su ta hannun amintattun mutanen unguwa da mata 'yan sa-kai a mazaɓu 244 na jihar. Gidajen da aka saba gasa cibiya ko a shafa mata abin da aka ga dama, da maganin ya iso ƙofar ɗaki a hannun wadda aka sani, an karɓa an shafa. Haka maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya kowane wata. Mai rabawa yana ba da na ranar farko, uwa ce take ba da na kwana biyun da suka rage da hannunta. Shirin gaba ɗaya a kan amanar uwa ya tsaya, kuma inda masu rabon suka iya isa, ya yi aiki.

Ga kuma abin da aka gani a Mirya ta jihar Damagaram, cikin Hausawa 'yan'uwanmu. Ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata, mafi yawansu ba su yi boko ba, yadda ake auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launi uku. Ana naɗa shi a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba, ba a sake ba. In ya tsaya a kore, lafiya. In rawaya ne, a kula. In ja ne, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi asibiti yau. Binciken da aka yi a can ya nuna iyayen suna gano tamowa daidai da ma'aikatan da aka horar, kuma yaransu sun fi isa asibiti da wuri. Matar Mirya ba ta fi matar Gatawa ko ta Turba kaifin hankali ba. Bambancin shi ne an ba ta zaren, kuma in ta ga ja akwai inda za ta je ta tarar da magani.

Su ma namu suna tafiya in sun san za su samu. Tun 2019 dubun-dubatar mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. A Nijar, tun 2006 doka ta sa jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, kuma MSF ta sha bayyana cewa da yawa daga yaran da take kwantarwa a Madarunfa daga Nijeriya aka kawo su. Macen da ta goya yaro ta ƙetare iyakar ƙasa don ta samo masa magani ba za a kira ta mai ƙin asibiti ba.

Kan rigakafi, alƙalumanka gaskiya ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara kashi 5 cikin 100 ne kawai suka kammala allurar rigakafinsu a jihar Sakkwato, mafi ƙaranci a duk Nijeriya. Abin kunya ne gare mu duka. Amma wannan adadi yaran da ba a yi wa allura ba ya ƙirga, bai raba wanda aka ƙi kaiwa da wanda aka kai aka tarar da ƙofa a rufe ba. Kafin yaro ya kammala alluran shekararsa ta farko, sai an kai shi lokacin haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9. Kowace tafiya kuɗin babur ce da kasadar hanya. Maganin kansa sai an adana shi cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga Sakkwato har ƙauyen. In firjin ya lalace, ko ma'aikacin ya tsere da ransa bayan an sace abokin aikinsa, uwa za ta zo sau ɗaya, ta zo sau biyu, a na uku mai gida zai ce a bar asarar kuɗi. Inda kuma ake da ƙin gaske, yana da mafari. Mutanen arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya hura wutar ƙin allurar shan inna a 2003. Abin da ya warware wancan ƙulli ba zagin iyaye ba ne. Sarakuna ne, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da malamai, suka tsaya gaban jama'a suka ɗiga wa nasu 'ya'yan, har aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Nijeriya a Agustan 2020.

Akwai wani lamari da rubutunka bai taɓo ba sam, kuma a Isa ya faru. A Maris ɗin 2024 ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa cewa wata cuta tana kumbura cikin yara, da zazzaɓi da amai da rama. Zuwa Afrilu hukumar ta ƙirga mutum 164 da ake zargin sun kamu, mafi yawansu yara 'yan shekara 4 zuwa 13, a mazaɓun Isa ta Kudu da Isa ta Arewa da Bargaja da Tozai da Turba da Tsabre, huɗu sun rasu. Ta kuma ce an ga irin wannan a 2023. Gwajin jinin farko ya nuna alamar dalma da wani ƙarfe mai guba. Duk wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010 ya san wannan ba abin wasa ba ne. Wace uwa ce za ta iya ganin dalma a ruwan rijiya ko a ƙurar tsakar gida da idonta? Gwada ruwa da ƙasa da hatsi, da faɗa wa jama'a sakamakon cikin harshen da suke ji, aikin hukuma ne. Iyayen sun yi nasu, domin su suka ɗauko yaran suka kawo, shi ya sa ma aka san da cutar.

Ka kuma yi ƙorafin cewa ana ba uwa abincin tamowa, ta raba wa sauran yara ko ta sayar. Wannan abinci, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, magani ne, kuma yaro ɗaya yana bukatar kusan kwali guda mai ƙunshi 150 cikin mako shida zuwa takwas kafin ya miƙe. Raba shi yana jinkirta warkewa, haka ne. Amma ka zauna inda take zaune: ɗan goye yana tsotsar ƙunshin, yayyensa biyu da ba su karya ba suna tsaye suna kallon bakinsa. Ba rashin sani ne yake sa ta lakato musu ba. Maganin wannan shi ne a haɗa jinyar yaron da tallafin hatsi ko kuɗi ga gidan. Wanda kuma ya kamata a bi da sanda shi ne mai karkatar da kwalaye daga ma'ajiya zuwa kasuwa, kuma wannan ba mai goyo ba ce.

Ko da mun tsaya a cikin gida, ɗora wa uwa laifi kaɗai zalunci ne. Ba ita ke riƙe da kuɗi ba, ba ita ke ba da izinin fita ba. Sau da yawa ita ce ta fara cewa jikin yaron nan bai yi mata ba, sai mai gida ya ce a jira ranar kasuwa, ko uwar miji ta ce haƙori ne yake fitarwa. Maganar tazarar haihuwa ma haka take. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu a Suratul Baƙara, kuma al'adarmu tun asali tana ƙyamar kwanika. Wanda ya kamata liman ya fuskanta da wannan magana ranar Juma'a yana zaune a sahun gaba. Ban da haka, mata da yawa a wannan yanki yau zawarawa ne da 'yan bindiga suka kashe wa maza, suna riƙe da marayu huɗu ko biyar da aikatau da surfe.

Me ya sa na damu da wannan har na ɗauki alƙalami? Domin inda aka ce ciwo yake, nan ake kai magani. In aka yarda matsalar jahilci ce, kasafin zai tafi ga tarukan bita a otal, da riguna masu tambari, da tallar rediyo, kowa ya koma gida yana ganin ya sauke nauyi. Mai mulki zai samu mafaka, ya ce mun yi iya ƙoƙarinmu, mutanen ne ba sa ji. Ga shi kuwa tallafin ƙasashen waje ya ja baya tun da Amurka ta rage nata a 2025, kuma a watanni shida na farkon 2025 MSF ta ce yara 652 suka rasu da tamowa a wuraren jinyarta na jihar Katsina kaɗai. Ba mu da sararin kashe ɗan abin da ya rage a inda ba nan ciwon yake ba.

Abin da nake ganin ya kamata mu haɗa murya mu nema a bayyane yake. A tsare hanyoyin Goronyo zuwa Sabon Birni da Marnona zuwa Isa, a tsare manoma lokacin shuka da girbi, domin wannan shi ne matakin farko na lafiyar yara a wannan yanki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A bayyana wa jama'ar kowace mazaɓa nawa ya iso asibitinsu da abin da aka yi da shi. Gwamnatin jiha ta sayi abincin tamowa da kuɗinta, ta kai shi Isa da Sabon Birni tun watan Afrilu, kafin ruwa ya yanke hanyoyi. A riƙa tura ayarin ma'aikata da allura da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki zuwa inda 'yan gudun hijira suke da kuma ranakun kasuwa, a ba ma'aikatan alawus da kariyar da za ta sa su zauna. A ba kowace ungozoma da kowace mai goyo zaren awon damtse. A gwada rijiyoyin mazaɓun Isa a faɗi sakamako. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da masu hali daga cikin 'ya'yan Gobir su ɗauki nauyin kuɗin mota da abincin mai jinya, wanda shi ne yake hana da yawa kai yaro Sakkwato. A kuma yi magana da hukumomin Maraɗi domin katin rigakafin yaro ya yi aiki a kowane ɓangare na iyaka.

Wayar da kai tana da gurbinta a cikin wannan, kuma ba na so a bar ta. A faɗa wa uwa ta ba da dakashi, ta shayar da nono zalla wata shida, ta wanke hannu, ta gudu da yaro asibiti in numfashinsa ya yi sauri ko ƙafafunsa sun kumbura. Amma mai faɗar ya zo da magani a jakarsa, ya kuma faɗa wa miji da kaka irin abin da ya faɗa mata. Malam, alƙalaminka yana da masu saurare. Ina roƙon ka juya shi ga waɗanda suke riƙe da kasafi da jami'an tsaro da makullin ma'ajiya, ka tambaye su asibiti nawa ne a buɗe yau a Sabon Birni da Isa, ma'aikata nawa suke kwana a cikinsu, kwali nawa ya rage a ma'ajiya. In ka yi wannan tambaya, za ka same ni a bayanka. Allah ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, ya raya mana yaranta.